Yadda Ake Haɗa Taswirar Yawan Jama'a da Sauyin Muhalli a Kwamfuta, da Misali Daga Jos

Na daɗe ina haɗa irin wannan taswira a nan Jos, wani lokaci tare da ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu, wani lokaci don masu aikin samar da ruwa da dashen itatuwa, kuma tambayar da ake zuwa da ita ba ta cika sauyawa ba: ina mutane suke zaune, su nawa ne, kuma me ya sami ƙasar da suke zaune a kanta? A da, sai babbar hukuma mai kuɗin sayen hotunan tauraron ɗan Adam ce ke iya amsa wannan tambaya. Tun daga 2008, da Amurka ta buɗe taskar hotunan taurarinta na ɗan Adam masu suna Landsat kyauta, duk mai kwamfuta da intanet da haƙuri yana iya yin aikin a ɗakinsa.

Na zaɓi Jos da kewayenta ne saboda ƙasar nan tana ɗauke da tabo iri biyu. Akwai na haƙar kuza da kamfanonin Turawa suka fara a farkon ƙarni na 20, wanda ya bar ramuka da tudun ƙasa da kududdufai daga Rayfield zuwa Bukuru har Barkin Ladi, akwai kuma na faɗaɗar gari da noma da saran itace, wanda ke bin ƙaruwar jama'a. Wanda ya iya bambanta waɗannan biyu a taswira zai iya yin aikin a Kano, ko Alƙahira, ko duniya baki ɗaya, domin hanyar ɗaya ce.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 8, ko da yake mai 4 ma tana yi idan yankin ƙarami ne, da sarari na aƙalla gigabayit 20. Manhajar da za ka yi amfani da ita ita ce QGIS, kyauta ce, kuma ka sauke nau'in da aka rubuta wa LTR, domin shi ne aka daɗe ana gyarawa, bai cika tsayawa a tsakiyar aiki ba. Sai wayar hannu mai GPS, da littafi da biro na fita fili, da filas ko wani ma'aji na biyu.

Bayanan kuma daga wurare bakwai za su fito. Iyakokin jihohi da ƙananan hukumomi suna shafin HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya, na mazaɓu kuma suna shafin GRID3. Ƙiyasin yawan jama'a yana WorldPop na Jami'ar Southampton da ke Ingila. Faɗin gine-gine yana GHSL na Tarayyar Turai. Hotunan Landsat suna EarthExplorer, sai ka yi rajista kafin ka sauke. Asarar itatuwa tana cikin bayanan Global Forest Change na Jami'ar Maryland, ruwan da ke kwance a doron ƙasa kuma yana Global Surface Water. Idan datarka ba ta da yawa, ka haɗa kai da abokan karatu, mutum ɗaya ya sauke sauran su kwafa, domin fayil ɗaya na yawan jama'ar Najeriya yana iya kai ɗaruruwan megabayit.

Abu ɗaya na ilimin aikin ya zama dole ka riƙe. Fayilolin taswira iri biyu ne. Wasu iyakoki ne da layuka da ɗigo, kamar iyakar ƙaramar hukuma ko hanya ko rijiya. Wasu kuma an yanka ƙasa ne zuwa ƙananan murabba'ai kamar gidajen dara, kowane gida yana ɗauke da lamba ɗaya, ko adadin mutane, ko ƙarfin hasken da ƙasa ta mayar. Zan riƙa kiran na farko fayil na iyakoki, na biyu fayil na gidaje.

Mataki na 1: Tsayar da tambaya da shekaru

Kafin ka sauke komai, ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya. Tamu ita ce: tsakanin 2000 da 2020, a ina jama'a suka ƙaru a Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da Jos ta Gabas da Bassa da Riyom da Barkin Ladi, kuma a ina gini ya ƙaru, kore ya ragu, ruwa ya sauya? Shekarun nan biyu na zaɓe su ne domin WorldPop da GHSL duk suna da su, kuma Landsat 7, wanda aka harba a 1999, hotunansa na 2000 lafiyayyu ne. A watan Mayun 2003 wata na'urarsa ta lalace, daga nan hotunansa suka riƙa fitowa da layuka baƙaƙe, saboda haka ka guje wa hotunansa na bayan wannan lokaci idan kana da zaɓi.

Mataki na 2: Shirya ma'aji da iyakoki

Ka buɗe folda ɗaya ta aikin, a cikinta ka yi uku: ta ɗanyen bayanai da ba za ka taɓa gyara su ba, ta abin da ka sarrafa, da ta taswirorin da aka gama. Kada ka sa tazara ko haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil, domin wasu kayan aikin QGIS suna tuntuɓe a kansu. Ka jawo fayil na ƙananan hukumomi 774 zuwa cikin manhajar, ka zaɓi shidan nan, ka adana su daban, sannan ka haɗe su da Dissolve don samun iyakar yankin gaba ɗaya. Ka riƙa adana aikinka bayan kowane mataki. Na taɓa rasa aikin yini guda da aka ɗauke wuta batirin kwamfutata kuma ya mutu, tun daga ranar ban sake barin shimfiɗar wucin gadi, wato fayil ɗin taswira da manhajar ke ƙirƙira na ɗan lokaci, ba tare da na ba ta suna na adana ta ba.

Mataki na 3: Tsarin awo

Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuma shimfiɗaɗɗiya, don haka kowace taswira tana miƙe wani wuri ta matse wani. Yawancin fayilolin da za ka sauke suna zuwa da tsarin EPSG:4326, wanda ma'auninsa digiri ne, kuma ba a auna faɗin gona da digiri. Don Jos da Abuja, ka sa aikinka a kan EPSG:32632, wato shiyya ta 32 ta tsarin UTM, wanda ke aiki da mita. Yammacin Najeriya, irin su Legas da Sakkwato, yana shiyya ta 31, gabas irin su Maiduguri da Yola yana ta 33. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne su canja wa fayil sunan tsarinsa kawai ba tare da sun juya lambobinsa ba, sai Filato ta ɓace daga allo ko ta faɗa cikin teku. Abin da ke juya fayil na iyakoki da gaske shi ne Reproject Layer.

Mataki na 4: Yawan jama'a

A WorldPop ka sauke fayil na Najeriya na 2000 da na 2020, masu gidajen kimanin mita 100, kuma ka tabbatar iri ɗaya ne, domin akwai wanda aka daidaita da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai wanda ba a daidaita ba, akwai kuma wanda ya tattara mutane a inda aka ga gini kawai. Idan ka ɗauki wani iri a shekara ɗaya, wani iri a ɗayar, bambancin da za ka gani na hanyar lissafi ne, ba na mutane ba. Mai ƙarancin data ya ɗauki na kilomita 1, ya isa ga aikin jiha.

Ka yanke fayilolin biyu da iyakar yankinka ta amfani da Clip Raster by Mask Layer. Bayan haka ka yi raga ta murabba'ai masu kilomita 1 da Create Grid a tsarin UTM, ka bar waɗanda suka faɗa cikin yankin. Ina fifita raga a kan iyakar ƙaramar hukuma saboda Bassa ko Barkin Ladi suna da faɗi, matsakaicin adadinsu yana ɓoye cunkoson da ke gefen titi da kuma dajin da babu kowa. Sai ka juya ragar zuwa tsarin da fayil na jama'a yake, ka buɗe Zonal Statistics, ka zaɓi jimla, ka yi na 2000 ka yi na 2020, ka debe na farko daga na biyu.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Kada ka juya fayil na jama'a kansa zuwa wani tsarin awo, kada kuma ka canja girman gidajensa kafin ka tara. Lambar kowane gida adadin mutane ne, ba zafi ko tsawo ba. Idan gida mai mutum 40 ya rabu huɗu manhajar ta ba kowane kashi 40, ka ƙirƙiri mutum 120 da babu su. Raga ce ke bin fayil na jama'a, shi ba ya bin ta. Ka kuma duba cewa manhajar ta gane lambar da ke nufin babu bayani, wadda a WorldPop ita ce -99999, in ba haka ba jimlarka za ta fito ƙasa da sifili. Gwaji mai sauƙi shi ne ka tara fayil na ƙasa gaba ɗaya na 2020: ya kamata ya ba ka kaɗan sama da miliyan 200.

Ya kamata ka san daga ina lambobin nan suka fito. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya an yi ta a 2006, ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai, Jihar Filato kuma kimanin miliyan 3.2. Abin da WorldPop ya yi shi ne ya ɗauki irin waɗannan alƙaluma, ya yi hasashen ƙaruwarsu, sannan ya rarraba su a gidaje bisa alamomi kamar gine-gine da hanyoyi da hasken dare. Babu wanda ya ƙirga mutanen unguwarku a 2020. Saboda haka a rubutunka ka ce kimanin dubu kaza, kada ka kawo lamba har da ɗaiɗaikunta kamar ka bi gida gida. Haka kuma mutanen da rikici ya tasa daga ƙauyuka zuwa cikin gari, abin da Filato ta sha gani, hasashe ba ya kama motsinsu yadda ya kamata.

Mataki na 5: Gine-gine

A shafin GHSL ka zaɓi GHS-BUILT-S mai mita 100, ka danna yankin da Jos take a taswirar shafin don kada ka sauke na duniya duka. Bayanan suna nan duk bayan shekara biyar daga 1975, amma na 2025 da 2030 hasashe ne. Lambar kowane gida ita ce murabba'in mitar da gini ya rufe a cikin 10,000. Fayil ɗin yana tsarin Mollweide, don haka ka yi wa ragarka kwafi a wannan tsari, ka tara kamar yadda ka yi a baya. A ƙasar duwatsu irin tamu, ka lura da falalen dutse da farar ƙasar tsofaffin wuraren haƙa, domin daga sama haskensu yana kama da rufin kwano, kuma wani lokaci ana lissafa su a gini.

Mataki na 6: Kore da itatuwa

Wannan matakin shi ya fi cin lokaci, kuma a nan aka fi ruɗuwa. Ganye mai rai yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske da ido ba ya gani wanda ke maƙwabtaka da ja. Ma'aunin da ake kira NDVI yana kwatanta waɗannan biyu: a debe ja daga wancan hasken, a raba da jimlarsu. Idan, a misali, wancan ya ba da 0.40, ja ya ba da 0.08, to 0.32 a raba da 0.48 ya zama 0.67, wato kore mai kauri. Ƙasa tsirara tana kusa da sifili, ruwa kuma yakan faɗi ƙasa da sifili.

A EarthExplorer ka zana yankinka, ka zaɓi Collection 2 Level 2, ka nemi hoton Landsat 7 na ƙarshen 2000 da na Landsat 8 na ƙarshen 2020. Kowane hoto yana zuwa ne sashe-sashe, kowane irin haske da nasa sashen, kuma lambobin sassan ba ɗaya ba ne: a Landsat 7 ja shi ne na 3, wancan hasken na 4, a Landsat 8 da 9 kuwa ja shi ne na 4, wancan na 5. Mutane da yawa sun yi lissafin shekara biyu da lambobi iri ɗaya, suka fito da sakamakon da ke nuna daji ya ƙone ƙurmus alhali ba abin da ya same shi. Kafin lissafi, a Raster Calculator ka ninka kowane sashe da 0.0000275 ka debe 0.2, domin a haka aka adana lambobin.

Lokacin ɗaukar hoto ya fi komai muhimmanci. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, gajimare yana rufe Jos kusan kullum. Idan hunturu ya yi nisa, hazo yana dishe hoto, ga ƙona daji da ke baƙanta tuddai. Na fi samun hoto mai kyau a Nuwamba zuwa farkon Disamba. Duk watan da ka zaɓa, hotunan biyu su kasance cikin makonni kusa da juna, domin hoton Oktoba da na Fabrairu bambancin damina da rani kawai za su nuna maka. Idan hoto ɗaya yana da gajimare, ka ɗauki na shekarar da ke kusa a wannan watan, ka rubuta hakan a jikin taswira. Bayan ka debe na 2000 daga na 2020, ni ba na ɗaukar sauyin da bai kai 0.1 ba a matsayin sauyi, saboda na'urorin biyu ba su yi daidai ɗari bisa ɗari ba, ruwan saman shekarun ma ba ɗaya ba ne.

Akwai abubuwa biyu na Filato da ya kamata ka sa a rai. Na farko, kewayen kududdufan kuza yakan yi kore shar da rani, domin masu lambu suna jan ruwansu da inji suna noman tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa. Wanda bai san wurin ba zai rubuta cewa daji ya farfaɗo. Na biyu, an dasa itatuwan turare da yawa a tsofaffin filayen haƙa don gyara ƙasar, kuma ana sare su su sake tohowa. Bayanan Jami'ar Maryland, masu gidajen mita 30 da suka fara daga 2000, suna lissafa duk abin da ya wuce tsawon mita 5 a matsayin itace, suna kuma nuna shekarar da ya ɓace, amma ba sa faɗin ko kurmi ne aka share ko gonar itace aka girbe. Ban da haka, an fi dogara da su a kurmi mai duhu irin na Kurosriba fiye da ƙasarmu mai itatuwa jefi-jefi, don haka ka yi amfani da su a matsayin shaida ta biyu.

Wanda kwamfutarsa ba ta iya ɗaukar waɗannan fayiloli yana iya duba NDVI kai tsaye a Copernicus Browser da hotunan Sentinel-2, masu gidajen mita 10, sai dai waɗannan daga 2015 suka fara.

Mataki na 7: Ruwa

Global Surface Water ya tattara hotunan Landsat daga 1984, yana nuna inda ruwa ke zama kullum, da inda yake zuwa da damina kawai, da inda ya ƙafe ko ya bayyana sabo. Ka yanke shi da iyakarka ka ɗora a kan hoton ƙasa. Madatsar Lamingo da manyan kududdufai za su fito sarai, amma ƙananan ramukan masu haƙa da hannu ba su kai girman gida ɗaya ba. Su sai ka zana su da kanka daga hoto mai kaifi na Google Earth Pro, wanda ke da maɓallin komawa hotunan shekarun baya.

Mataki na 8: Haɗa shimfiɗu da karanta su

Yanzu kowane murabba'i na ragarka yana da ƙaruwar jama'a, da ƙaruwar gini, da sauyin kore, da faɗin ruwa. Ka raba murabba'an gida huɗu: inda jama'a suka ƙaru kore ya ragu, inda jama'a suka ƙaru kore bai ragu ba, inda jama'a ba su ƙaru ba amma kore ya ragu, da inda babu sauyi.

Kashi na uku shi ne na fi so ɗalibi ya daɗe a kansa. Yawancin masu fara aikin nan suna zuwa da amsarsu a aljihu, cewa yawan haihuwa ne ya lalata ƙasa, sai su nemi taswirar da za ta gaskata su. Amma kududdufan da ke kudancin Jos ba cunkoson jama'a ya haƙa su ba, buƙatar kuza a masana'antun ƙasashen waje ce. Dajin da ake sarewa don gawayi yakan kasance nesa da gari, a inda mutane ba su da yawa, masu ƙona gawayin kuma suna birni. Taswirar da ta ɗora laifi a kan ƙauyen da ke kusa da ɓarna tana iya zama hujjar zaluntar mutanen da ba su suka ci ribar ba, kuma wannan nauyi a wuyan mai zana ta yake.

Akwai kuma wani tarko na lissafi. Tunda da gine-gine aka rarraba alƙaluman jama'a tun farko, idan ka gano cewa jama'a da gini suna tafiya tare ba ka gano komai ba, abin da aka zuba ne ka kwaso. Kwatancen da ke da ma'ana shi ne na jama'a da abin da aka auna daban, kamar kore da ruwa.

Mataki na 9: Fita fili

Kada ka buga taswirar da ba ka taka ƙasarta ba. Ka zaɓi wurare 20 zuwa 30 daga dukkan kashi huɗun, har da inda taswira ta ce babu sauyi, ka sa su a waya ta manhajar QField, ko ka rubuta lambobinsu a littafi. A kowane wuri ka ɗauki hoto gabas da yamma, kudu da arewa, ka rubuta abin da ka gani. Ka fara gaida mai unguwa ko dagaci ka bayyana masa aikinka, domin baƙo mai ɗaukar hoton fili yana tayar da hankali a inda ake rigimar ƙasa. Ka tambayi dattawa yadda wurin yake shekara ashirin baya, sau da yawa su ne za su gaya maka shekarar da aka share kurmi da wanda ya share shi. Kada ka matsa bakin kududdufi, gaɓarsa tana zaftarewa kuma zurfinsa ba ya nunawa daga sama. Inda babu tsaro kada ka je, ka dogara da hoto mai kaifi ka rubuta cewa ba a duba wurin da ƙafa ba.

Mataki na 10: Launi da bugawa

Kashi biyar na launi sun isa. Yawan jama'a ka ba shi launi ɗaya daga mai haske zuwa mai duhu, sauyi kuma launi biyu da fari a tsakiya. Ka guji haɗa ja da kore, domin akwai masu lalurar ido da ba sa bambanta su. Taswirar 2000 da ta 2020 dole su yi amfani da iyakokin kashi iri ɗaya, idan ka bar manhajar ta zaɓa wa kowace nata, launi ɗaya zai nufi abu biyu. A Print Layout ka sa take, da bayanin launuka, da ma'aunin nisa, da kibiyar arewa, da sunan bayanan da ka yi aiki da su da ranakun hotunan. Shawarata ga mai aiki a Jos ita ce kada ya raba unguwanni da launin addini ko ƙabila, kada kuma ya nuna gidan wani.

Mataki na 11: Faɗaɗa zuwa duniya

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 15 ga Nuwamba 2022 a matsayin ranar da mutanen duniya suka kai biliyan 8, a 2023 kuma Indiya ta wuce Sin a yawan jama'a. Don ganin yadda suka bazu, ka sauke GHS-POP, wato fayil na yawan jama'a na shafin GHSL, mai kilomita 1, da iyakokin ƙasashe na shafin Natural Earth. Ka bar aikin a Mollweide ko Equal Earth, mai lamba EPSG:8857, domin su ne ke kiyaye faɗin ƙasa. Tsarin Mercator da aka saba gani a intanet yana nuna tsibirin Girinland kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Da ka buɗe fayil ɗin za ka ga kwarin Nilu kamar zare a cikin hamadar Masar, da kwarin Ganjis har Bangaladash, da tsibirin Java mai mutum sama da miliyan 150, da kewayen Kano. Tunda wasu gidaje suna da mutum ɗaya wasu dubbai, ka yanka kashin launi a 1, 10, 100, 1,000 da 10,000, in ba haka ba birane kaɗan ne za su fito.

Don tasirin muhalli, ka ɗauko jadawalin hayaƙin kabon na ƙasashe daga Our World in Data, ka yi taswira biyu, ta jimlar kowace ƙasa da ta kason mutum ɗaya. Ɗan Najeriya a matsakaici bai kai tan 1 a shekara ba, Ba'amurke kuma ya haura tan 13, don haka taswirar cunkoso da taswirar hayaƙi ba za su yi kama da juna ba, kuma ya dace a ajiye su gefe da gefe a shafi ɗaya. Wajen haɗa jadawalin da taswira ka yi amfani da lambar ƙasa mai harafi uku maimakon suna, NGA ta Najeriya, NER ta Nijar. A fayil na Natural Earth, gurbin ISO_A3 na Faransa da Norwe yana ɗauke da -99, saboda haka ka haɗa da gurbin ADM0_A3, sannan ka buɗe jadawalin ka bi ƙasashen da suka fito babu lamba ɗaya bayan ɗaya, ka cike su da hannu kafin ka sa launi.